Sauƙi ba shi ke yaɗa harshe ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen harshe ɗaya da zai haɗa kan duniya, sai ka ji ana cewa da za a samu mai sauƙin koyo, da an huta. Ni kam ban yarda ba, domin an riga an gwada.

A 1887 wani likitan ido a Warsaw, Ludwik Zamenhof, ya fito da Esperanto. A Bialystok ya taso, garin da Yahudawa da Rashawa da Jamusawa da 'yan Poland ke zaman doya da manja, kowa da harshensa. Sai ya tsara harshe mai ƙa'idoji 16 kacal: suna ya ƙare da "o", sifa da "a", yadda aka rubuta haka ake furtawa. Mutumin ya yi aiki, a ba shi haƙƙinsa. Jama'a suka karɓa, har suka yi babban taronsu na farko a Faransa a 1905.

Amma da maganar ta kai gaban Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wa ya taka mata birki? Faransa, domin a lokacin Faransanci ne harshen diflomasiyya. Daga baya Hitler da Stalin suka bi masu jin harshen da ɗauri da kisa. 'Ya'yan Zamenhof uku duk a hannun 'yan Nazi suka mutu. Turanci kuwa, da rubutunsa daban furucinsa daban, ya mamaye duniya saboda mulkin mallakar Ingila da dalar Amurka.

Sannan sauƙin ma ga wa? Yawancin kalmomin Esperanto daga harsunan Turai aka ɗebo su. Ɗan Italiya zai tsinci rabinsu a gida, manomin Maraɗi kuwa daga tushe zai fara.

Mu ma an gwada mana. Alex Igbineweka ya haɗa Guosa daga Hausa da Yarbanci da Ibo da sauransu, don 'yan Najeriya su samu harshe ɗaya. Ka taɓa jin ana ciniki da shi a Kantin Kwari? Alhali Hausa, da karin sautinta da jam'inta mai rikita baƙo, ta kai Zangon Kumasi ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Fataken goro ne suka kai ta, wanda ke son ciniki da su kuma ya koya dole.