Ƙannena Masu Wasan Kwaikwayo, Ku Dubi Badal Sircar

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka gayyace ni kallon gwajin wasa na wata ƙungiyar matasa, kuma da na isa sai na tarar fiye da rabinsu ba su zo ba. Dalilin da aka ba ni shi ne mai kyamara ba zai samu zuwa ba, su kuwa ba za su ɓata yininsu a kan abin da ba za a ɗora a waya ba. Wallahi raina ya ɓaci, domin waɗanda suka zo ɗin ma, babu wanda ya haddace maganarsa.

Ƙannena, a birnin Kolkata na ƙasar Indiya an yi wani marubuci kuma ɗan wasa mai suna Badal Sircar, wanda aka haifa a 1925 ya rasu a 2011. Injiniya ne mai tsara birane, har Najeriya ya zo ya yi wannan aiki a shekarun 1960. Wasansa Ebong Indrajit na 1963 ya ɗaukaka sunansa a faɗin Indiya, kuma a 1967 ya kafa ƙungiyar Satabdi. A daidai lokacin da manyan zauruka suke marmarin wasanninsa, sai ya sauko daga dandamali, ya bar fitilu da kwalliya da sayar da tikiti, ya koma yin wasa a filayen shaƙatawa da ƙauyukan Bengal (yankin da birnin Kolkata yake), inda talakawa ke zama kewaye da 'yan wasa, mai hali ya jefa abin da ya sawwaƙa bayan an tashi. Da babu kayan ado da za a fake a bayansu, jikin ɗan wasa da muryarsa ne kaɗai jarinsa, saboda haka horo ya zama dole.

Ku kuma kyamara kuke jira! Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da bai iya ɗaga murya ta kai ƙarshen aji ba, ya riga ya rubuta "jarumi" a ƙarƙashin hotonsa. Wani ya fi sanin yawan mabiyansa a kan sunan halin da aka ba shi ya taka. Ban ma taɓo masu kwana a majalisa suna gulmar abokan sana'a ba, da masu cin bashi don sayen shaddar ɗaukar hoto. Ku gyara, don Allah, ku riƙa zuwa ko babu mai kallonku.

A zamaninmu, ƙungiyar wasan makaranta takan shafe zango guda tana maimaita wasa ɗaya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, malami na tsaye da rubutun a hannu, kuma wanda ya makara shi da kansa yake jin kunyar shigowa. Ranar Asabar ɗin nan, waɗanda suka ƙi zuwa ko uzuri ba su aiko da shi ba.