Ba Sai An Mutu A Layi Ba Kafin A Samu Tiyar Shinkafa

Jama'a, yadda muke rabon abinci a ƙasar nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Masu bayarwa muna da su, alhamdulillahi, kuma Allah Ya saka musu. Abin da muka rasa shi ne hanyar bayarwar da za ta bar mai karɓa da ransa da mutuncinsa.

Ku tuna Disambar 2024. Ranar 18 ga wata yara 35 suka mutu a turmutsitsi a Ibadan, wajen wani taron yara da aka yi alkawarin kyauta da abinci. Ranar 21 mutum 22 suka rasu a Okija ta jihar Anambra wajen rabon shinkafa, a wannan ranar kuma mutum 10 a Maitama ta Abuja. Rai 67 cikin kwana huɗu. Kafin nan, a cikin azumin shekarar, an rasa aƙalla mutum bakwai a Bauchi wajen rabon kuɗin zakka, galibinsu mata da 'yan mata. Babu wanda ya shirya waɗannan tarukan don ya kashe kowa. Tsarin ne yake kisa: rana ɗaya, ƙofa ɗaya, a yi shela gari ya ɗauka, dubban masu jin yunwa su kwana a bakin get, kowa ya san kayan ba za su isa ba, kowa ya san gobe babu.

Akwai wani abu da ya faru a ƙasar Filifin da nake so ku sani. Ranar 14 ga Afrilun 2021, mu nan muna rana ta biyu ga azumi, wata matashiya 'yar shekara 26 mai suna Ana Patricia Non ta turo ɗan amalanke na gora ta ajiye a gindin wata bishiya a titin Maginhawa, cikin birnin Quezon da ke manne da Manila. Lokacin korona ce, an kulle gari, sana'o'i sun tsaya, ita ma ƙaramar sana'arta ta kayan katako ta tsaya. Direbobin motocin haya sun koma bara a titi. Wani binciken jin ra'ayi na watan Satumbar 2020 ya nuna kusan kashi 31 cikin 100 na gidajen ƙasar sun ɗanɗana yunwa, adadin da ba a taɓa gani ba. Tallafin gwamnati kuwa peso 1,000 ne na kuɗin ƙasar ga mutum ɗaya, kada ya wuce 4,000 ga gida guda.

Kayan da ta zuba a amalanken na peso 800 ne, kuɗin da bai kai dala 20 ba: shinkafa, kayan lambu, abincin gwangwani, sabulu, takunkumin fuska. Ta rubuta a jikin kwali da harshensu cewa kowa ya bayar daidai ƙarfinsa, ya ɗauka daidai buƙatarsa. Shi ke nan. Ba rajista, ba kati, ba mai tambayarka mijinki ya rasu ne ko yana nan, 'ya'yanka nawa, ɗan wace jam'iyya ne kai.

Waɗanda suka riƙe amalanken nan su suka fi burge ni. Masu babur mai ƙafa uku na unguwar, wato 'yan adaidaita sahunsu, su suka riƙa ƙulla shinkafa a leda suna daidaita layi, alhali su ma suna cikin masu ɗauka. Manoma daga lardin Tarlac suka aiko da buhunan dankali. Masunta daga lardin Rizal suka kawo karfasa. Mutanen da su kansu hannu baka hannu ƙwarya suke. Ita Patricia ta ba da labarin wani marar matsuguni da ya ɗauki lemo biyu kacal, mutane suka matsa masa ya ƙara, ya nuna musu iya abin da zai ci ke nan. Masu sharar titi biyu kuma kowacce ta ɗauki kabeji ɗaya ta yi gaba. Cikin 'yan makonni irin wannan rumbu na unguwa ya bazu ko'ina a ƙasar, har ya kai dubbai, kowace unguwa da teburinta da kwalinta.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: "Malam, can ne. A nan ka ajiye buhun shinkafa ba mai gadi, kafin ka ce kwabo an yi wasoso, har teburin sai an ɗauke." To, can ɗin ma an yi. A birnin Pasig wasu mata sun zo da jakunkuna suka share tebur tas, har da kiret-kiret na ƙwai, aka ɗauke su a bidiyo, duniya ta yi musu ca. Daga baya suka ce sun raba wa maƙwabtansu ne, suka nemi afuwa. Ko gaskiya suka faɗa ko a'a, rumbunan ba su rufe saboda su ba. Ni a ganina mutum yana wawashe abu ne idan ya tabbata daga yau ba zai sake gani ba. Wanda ya san teburin nan yana nan gobe, yana nan jibi, kuma masu kallonsa maƙwabtansa ne da za su haɗu a masallaci da bakin rijiya, da wuya ya kwashe rabon gida goma. Talakanmu ba ɓarawo ba ne. Mu muka koya masa cewa wanda bai yi ƙarfin kafaɗa ba zai koma gida hannu rabbana.

Kuma ku dubi inda aka rasa rai a nasu labarin. Ranar 23 ga Afrilun, wata shahararriyar 'yar fim ta shirya nata rabon domin zagayowar ranar haihuwarta. Suna ya ja jama'a, dubbai suka yi cincirindo tun da asussuba, wani dattijo ɗan shekara 67 mai ƙaramar sana'ar talla ya yanke jiki ya faɗi a layi, ya rasu. Ta fito ta nemi gafara, kuma na yarda niyyarta mai kyau ce. Amma da zarar abin ya tashi daga teburin unguwa ya koma taron rana guda mai babban suna, sai ya haifi irin abin da muka gani a Okija da Bauchi. Su kansu mutanen Maginhawa da layinsu ya yi tsawon da ya fi ƙarfinsu, sun sauya tsari. Sai suka mayar da wurin ya zama inda ake tara gudummawa, a riƙa rarraba ta zuwa ƙananan rumbuna na unguwanni, kowa ya karɓa kusa da gidansa. Wannan shawarar ita ce ta fi komai daraja a wurina cikin labarin gaba ɗaya.

Hukuma fa? Kwana shida da farawa dole Patricia ta dakata na yini guda, saboda wasu shafukan jami'an tsaro sun fara yaɗa cewa rumbunan farfagandar 'yan kwaminis ce, 'yan sanda kuma suna zuwa neman lambar wayarta. Wani janar ɗin soja har ya kwatanta aikinta da na Shaiɗan. Jama'a suka tsaya mata, magajiyar garin Quezon ta ce ba wanda zai taɓa su, rundunar 'yan sandan birnin ta nemi afuwa. Abin da ya ɓata musu rai a bayyane yake: dogon layin masu jin yunwa shaida ce a kan wanda aka ba amanar jama'a. Kuma shaidar gaskiya ce. Kada wani ya fahimce ni da cewa teburin unguwa zai ɗauke wa gwamnati nauyinta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi ya tashi, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi hasashen mutum miliyan 33 za su shiga matsanancin ƙarancin abinci a daminar 2025. Manomin Zamfara da na Katsina da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, tiyar gero ba za ta mayar masa da ita ba. Wannan aikin masu mulki ne, kuma za mu ci gaba da binsu bashinsa. Sai dai yaron da ya kwana bai ci ba yau ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mu ba baƙin wannan abu ba ne. Mun tashi mun ga ciyayya: bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida, a haɗa a ci tare, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya zauna ya sa hannu, ba wanda ya sani balle ya faɗa. Iyayenmu mata suna aika yaro da kwano a rufe gidan maƙwabciya ba tare da ta roƙa ba. Kuma muna da hadisi ingantacce na Ash'ariyyawa, waɗanda idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi guda su raba daidai da mudu ɗaya, Manzon Allah (SAW) ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Yau katanga ta yi tsawo, get ya rufe, sadaka ta koma sai da kyamara da buhu mai hoton fuska.

Ka tsaya shagon mai awo na unguwarku da yamma ka ga. Yarinya za ta zo da kuɗi a dunƙule a hannu, ta jira sai mutane sun ragu, ta ce a hankali, "Wai in ji Mama a ba ta garin kwaki na ɗari biyu, a rubuta sauran." Mai shago ya buɗe littafin bashi, shafin gidansu ya riga ya cika. Uban yarinyar nan ƙila malamin firamare ne, ƙila tela ne da ɗinki ya yi ƙasa. Ko za a kashe shi ba zai shiga layin rabo a filin wasa ba, matarsa ma ba za ta fita ba. Duk rabon da muke yi da shela ba ya kaiwa ga irin wannan gidan, kuma su ne suka fi yawa.

Don haka ga roƙona ga matasan unguwa, da limamanmu, da masu unguwanni. A samu ɗaki guda, ko zauren wani dattijo, ko shago a jikin masallaci. Kada unguwar ta wuce inda kowa ya san kowa. Mai hali ya kawo buhu, marar hali ya kawo gwangwanin wake ko ƙullin kuka da daddawa, kada a raina. A tuntuɓi 'yan gwari, domin kowace yamma akwai tumatir da alayyafo da ba za su kai gobe ba, kuma da yawansu za su so ladan. Mata su riƙe ɓangaren mata, su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba, su za su iya shiga da kwano cikin hijabi su fito ba wanda ya lura. Mai shagon nan ma a sa shi a ciki, littafinsa ya fi kowace rajista faɗin gaskiya.

Inda za a sha wuya shi ne ɗorewa. A Filifin ma da yawa daga rumbunan sun rufe bayan 'yan watanni, da masu bayarwa suka gaji, hankalin intanet ya koma wani wajen. Mu kuma mun saba da zafin azumi: ciyarwa ko'ina har sallah, daga nan shiru, alhali wahalar gaske tana tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon gero bai shigo ba. Shi ya sa ba na so a fara da babban taro. A fara da gidaje ashirin da za su ɗauki alkawarin tiya ɗaya duk Juma'a, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a bango, ba tare da sunan mai karɓa ba. Idan kaka ta yi, hatsi ya sauko, a sayi na ajiya da kuɗin da aka tara, manoman unguwa kuma a tuna musu zakkar amfanin gona tana da masu ita a nan kusa da su. Mabuɗi ya zama a hannun mutum biyu, namiji da mace, waɗanda unguwa ta yarda da su, kuma ba masu neman kujera ba. Wanda duk ya zo da gudummawa yana son a ɗauki hoton masu karɓa, a yi masa godiya a ce masa a nan ba a yi.