Onyewu ya fi ƙarfin labarin faɗa da Zlatan

Jiya a majalisarmu aka ɗauko zancen Oguchi Onyewu, tsohon ɗan wasan bayan Amurka, sai wani ya ce, "Au, ƙaton nan da ya karya wa Zlatan haƙarƙari a wurin atisayen AC Milan?" Iyakar abin da ya sani game da shi ke nan. Wallahi sai da raina ya ɓaci.

Iyayen Onyewu 'yan Najeriya ne, amma a Washington aka haife shi a 1982. Ya yi wa Jami'ar Clemson wasa shekara biyu, ya tsallaka Metz ta Faransa a 2002. A Beljiyam tauraronsa ya haska, inda ya ci kofin lig sau biyu a jere da Standard Liege, 2008 da 2009.

Ni dai daren da ba na mantawa shi ne na Bloemfontein a 2009, wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun nahiyoyi tsakanin Amurka da Sifaniya. Sifaniya ta zo da wasa 35 ba a doke ta ba, ga Torres, ga Villa, ga Xavi yana rarraba ƙwallo. Onyewu da Jay DeMerit suka kafe a tsakiyar baya, duk wadda aka cillo ta sama sai su mayar da ita da ka. Aka tashi 2-0, Amurka ta yi nasara. Washegari sunan Altidore da Dempsey aka riƙa kira, don su suka zura ƙwallayen. Wanda ya hana a zura kuwa, ko oho.

'Yan'uwanmu na Gana kuma fenaretin da ya jawo wa Amurka a kofin duniya na 2006 suke tuna shi da shi, wanda kyaftin ɗinsu Appiah ya buga. Har gobe ina ganin alƙalin wasa ya tsananta a wannan hukunci, amma a bar wannan.

Milan ta ɗauke shi a Yulin 2009, a Oktoba jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan Amurka da Kosta Rika. Kakar ta tafi yana jinya. Da ya samu sauƙi, sai ya nemi a ƙara masa shekara guda a kwantiragi ba tare da albashi ba. Duk da haka bai taɓa buga wa Milan wasan Serie A ko ɗaya ba. Da na gaya wa abokin nan nawa haka, cewa ya yi, "To amma wa ya ci faɗan?"