Sikelin Jirgin Queen

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A watan Afrilun 1791 wani jirgin ruwa mai suna Queen ya tashi daga gaɓar Cork a ƙasar Ailan, ɗauke da fursunoni maza 133 da mata 22, zai kai su Sidni, inda Turawan Ingila suka kafa sansanin zubar da masu laifi a Ostareliya. Shi ne jirgi na farko da ya kwashe su kai tsaye daga Ailan. Wata biyar suna kan teku, sai ƙarshen Satumba suka sauka, ƙashi da fata, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa.

Da alƙalan Sidni suka bincika, sai ga abin takaici: an kankare dalmar da ke jikin duwatsun sikelin da ake auna musu abinci. In an yi awo, sikeli ya nuna ya cika, alhali an rage. Mutum yana ɗaure a cikin jirgi, ba kasuwa, ba gona, ba dangi, sannan a bi ɗan abin da zai sa a bakinsa a tsakura! An tabbatar da laifin, an aika da maganar Landan, ta shiririce. Kafin shekara ta zagayo fiye da rabin mazan nan sun mutu.

Na san wani zai ce ai fursunonin ɓarayi ne. Ko da kowannensu ya yi laifin, alƙali kora ya yanke musu, bai yanke musu yunwa ba. A Suratul Insan Allah Ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme. Manzon Allah (SAW) kuma ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Kyanwa fa. To ina ga ɗan Adam? Ga kuma farkon Suratul Muɗaffifin, inda aka yi wa masu tauye awo alkawarin azaba.

Malam, kai da ke rabon hatsi a sansanin gudun hijira ko gidan yari, Hajiya, ke da ke zuba wa 'yar aiki da marayan mijinki tuwo, waɗannan ba su da bakin yin ƙorafi kuma ba su da wata tukunyar. Ku cika musu kwanonsu tun daga abincin daren yau.