Yaro kunama ta harba, ba kai ba

Wallahi abin da aka yi wa yaron nan na layinmu a Rikkos ya ƙona min rai. Kunama ta harbe shi bayan isha'i, sai dab da asuba aka tuna akwai asibiti a Jos. Kafin nan kowa ya zama likita. Wannan ya kawo reza a tsaga, wancan ya ɗaure ƙafar da kyauro, wata ta ce a shafa kananzir, har mai baƙin dutse an taso daga barci. Sannunku da aiki, manyan ƙwararru!

"Ai ni ma ta harbe ni, ban mutu ba." Malam, kai da yaro ɗan shekara huɗu jikinku ɗaya ne? Dafin da ya sa ƙato kamarka kwana yana ihu, a ƙaramin jiki jijiyoyi yake birkitawa, ya taɓa zuciya da huhu. Shi ya sa yara ne suka fi mutuwa. Ka ga yaro yana zufa, miyau na dalala, ga amai, numfashi sama-sama, jiki na karkarwa, me kuma kake jira? Ko bai nuna komai ba, yaro ne, a kai shi.

Babba kuwa, yawanci raɗaɗi ne da ɗaurewar wurin. A wanke da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, a sha farasitamol. Idan zafin ya ƙi, a asibiti akwai allurar kashe zafi da ake yi a wurin harbin. Tsaga da tsotsa ba sa fitar da dafi, sai dai su ƙara ciwo.

Kada wani ya ce min "ai ƙarama ce". Duwu, baƙin nan mai manyan hannuwa da kuke tsoro, ya fi sauƙi a kan mai siraran hannuwa da kaurin wutsiya.

Masu cewa na raina tofi, ku yi addu'ar, amma a cikin Keke, kan hanyar asibiti. Uwar yaron nan na gani tana kuka, ba ta da ta cewa a gaban manya. Allah ya ba shi lafiya.

Sannan mai kangon nan da ya jibge bulo a bakin layi ya tafi Abuja, don Allah wanda ya san shi ya ce ya zo ya kwashe kayansa, don irin wurin nan kunama ke ɓuya. Ko fitilar titi babu, yara kuma nan suke wasa ba takalmi.