Kwamfuta ta iya ciniki, amma ba ta san bashin Mile 12 ba

Da asuba a kasuwar Mile 12 da ke Legas, motocin tumatir daga Kano da Kaduna sun riga sun fara sauke kaya. Dillali zai buɗe kwando, ya danna tumatir ɗaya da yatsa, nan take ya san ko kayan za su kai gobe. Kuɗin da zai yanka wa kwandon daga wannan dannawar yake fitowa.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna son kama irin wannan lissafi a cikin kwamfuta. Sukan ƙirƙiro 'yan kasuwa na kwaikwayo, kowanne da yadda yake yanke shawara, su sake su su yi ta saye da sayarwa, a ga inda farashi zai tsaya. A 1993, Dhananjay Gode da Shyam Sunder suka gwada 'yan kasuwar da ba su da tunani ko kaɗan, tayi kawai suke yi da ka, sharaɗinsu ɗaya: kada su yi cinikin da za su faɗi. Duk da haka kasuwar ta fitar da kusan dukkan ribar da ake iya samu. Daga nan wasu suka ɗauka tsarin kasuwa shi ne komai, tunanin ɗan kasuwa kuwa kwalliya ce.

Ni ban yarda ba. A cikin wancan gwajin kaya ba sa ruɓewa, babu bashi, kuma wanda ka cuta yau ba za ka gan shi gobe ba. A Mile 12 kuwa, mai sayar da abinci daga unguwar Ketu da ke kusa za ta wuce kwandon da ya fi araha ta tsaya wurin dillalinta, ta ce, "Alhaji, a ba ni biyu, sai Juma'a." Ya ba ta, ba takarda. Wannan ma lissafi ne, sai dai na shekara ne, ba na wuni ɗaya ba. Masanin tattalin arziki Alan Kirman ya ga haka a kasuwar kifi ta Marseille a Faransa: masu saye da yawa suna manne wa mai sayarwa ɗaya. Da shi da Nicolaas Vriend suka gina kasuwar a kwamfuta da 'yan kasuwa masu koyo daga abin da ya same su jiya, sai ga wannan riƙon abokin ciniki ya ɓullo da kansa.

Abin da ya sa na damu shi ne, duk sanda tumatir ya yi tsada a Legas, kamar a 2016 da tsutsa ta cinye gonakin Arewa, dillali ake fara nuna wa yatsa. Duk kwaikwayon da aka gina ba tare da amana da bashi da tsoron ruɓewa ba, zai nuna dillali ba shi da amfani, masu tsara manufa kuma su kafa hujja da shi. Kafin a yi haka, mai gina shi ya zo ya kwana uku a rumfa, ya ga wanda ke ɗaukar asara in mota ta lalace a hanyar Jebba ta iso da rabin kaya sun narke.