Ku Buga Daftarin Kafin Ku Yanke Masa Hukunci

Da kamfanin Wizards of the Coast ya saki daftarin gwaji na ajin Psion (sabon nau'in jarumi mai ƙarfin tunani) a watan Mayun 2025, tsohuwar cutar 'yan wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur da kowa ke taka rawar jarumi a cikin labari, ana jefa ɗan ludo) ta sake tashi, har da namu na Kaduna. Kafin takardar ta kwana an riga an yanke mata hukunci a zaurukan WhatsApp, wannan ya ce an lalata wasa, wancan ya ce kamfani neman kuɗi yake. Ka tambayi mutum ko ya zauna a tebur ya gwada dokar, sai ya turo maka bidiyon wani Ba'amurke a YouTube.

Haka aka yi wa daftarin One D&D (shirin sabunta dokokin wasan) tun daga Agustan 2022, kuma har yau muna biyan kuɗin wannan gaggawa.

Takardar farko ta wannan shiri ta zo da shawarar cewa dodanni su daina ninka ɓarna idan ɗan ludonsu mai fuska 20 ya faɗi a kan 20. Aka yi ca a kanta. To a yi lissafi. Wizard, wato jarumi matsafi, na matakin farko yana farawa da makin rai (adadin ɓarnar da zai iya ɗauka kafin ya faɗi) 6, a ƙara masa 2 na ƙarfin jiki, ya zama 8. Gatarin dodon Orc a littafin dokokin 2014 ɗan ludo ne mai fuska 12 da ƙarin 3. Idan 20 ta fito sai a jefa ɗan ludo biyu a ƙara 3 ɗin, matsakaicin ɓarnar 16. Dokar wasan kuwa ta ce in abin da ya rage bayan makinka ya ƙare ya kai cikakken makin ranka, ka mutu nan take, babu jifan ɗan ludon da zai iya ceto ka. Fiye da rabin irin wannan sara zai kai 16. Ga 20 tana fitowa sau ɗaya cikin jifa 20, kuma jagoran wasa, mai jefa wa dodanni, ya fi kowa yawan jifa a tebur. Ma'ana yaron da ya biya kuɗin Keke daga Kawo zuwa Barnawa, ya ɓata awa guda yana cike takardar jaruminsa, zai iya zama ɗan kallo tun a faɗan farko ba tare da ya yi kuskuren komai ba. Irinsa ba ya dawowa mako mai zuwa, mu kuma ba mu da yawan da za mu riƙa asarar sababbin 'yan wasa.

Masu cewa dodo ba zai ƙara ban tsoro ba in an hana shi wannan sara, jarumansu sun daɗe da wuce mataki na biyar, sun manta yadda makin rai 8 yake. Sabon littafin dokokin da ya fito a Satumbar 2024 ya bar tsohuwar dokar yadda take.

Labarin Warlock, wani ajin matsafi, ya fi ciwo. A tsarin 2014, daga mataki na 2 zuwa na 10 gurabun sihiri biyu kacal yake da su, wato damar yin babban sihiri sau biyu, suna dawowa ne bayan gajeren hutu na awa ɗaya a cikin labarin. Tsarin yana aiki idan ana faɗa da yawa a rana guda ana hutawa a tsakani. Wane tebur ne a garin nan yake haka? Ana zama bayan la'asar, a tashi sallar magariba, a dawo a ƙarasa kafin dare ya yi. Faɗa ɗaya ne ko biyu, gajeren hutu ba ya ma shigowa. Sai Warlock ya yi sihiri biyu ya koma harba Eldritch Blast, ƙaramin sihirin da ba ya cin gurbi, har a tashi. Daftarin Afrilun 2023 ya gwada ba shi gurabu irin na azuzuwan Paladin da Ranger, masu ƙaruwa da mataki, masu dawowa bayan dogon hutu. Ƙorafi ya yi yawa, aka janye, aka maye gurbin da Magical Cunning, wanda ke dawo da rabin gurabun sau ɗaya kafin dogon hutu. Faci ne a kan tsohuwar riga.

Ba cewa nake kowane daftari daidai ne ba. Gyaran da aka so yi wa rikiɗar Druid (ajin da ke rikiɗa ya zama dabba) a Fabrairun 2023 ya cancanci watsi, domin ya mayar da zaki da kura abu ɗaya a lissafi. Amma wanda ya gano haka a tebur da wanda ya ji a bakin wani, murya ɗaya ake ƙirga musu a takardar jin ra'ayin da kamfanin ke fitarwa bayan daftari. Nan ne ɓarnar take.

Daftarin kyauta ne, shafukan da ake buƙata ba su da yawa, kowane shagon buga takardu zai fitar da su. A shirya faɗa ɗaya, a buga shi da tsohuwar doka, a sake buga shi da sabuwa da jarumai iri ɗaya. Wani ya riƙe biro ya rubuta zagaye nawa aka yi, wa ya faɗi, wa ya zauna babu abin yi. A maimaita a zama uku a matakai daban-daban. Wanda bai yi ko rabin wannan ba, don Allah ya bar takardar jin ra'ayin ga waɗanda suka yi.